Ranar da Na Tumɓuke Rijiyar Onarabul da Hannu Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na sha ruwa a gaban kyamara ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba su da wannan tausayin. Har yau in na gifta majalisar gindin darbejiya sai wani ya gyara murya ya ce, "Ruwa ya zo." Ni kuwa sai in yi kamar kunnena ya yi nauyi in wuce.

Garinmu ɗan ƙauye ne a mazaɓar Yalwan Damai, ƙasar Birnin Kudu. Rijiya ɗaya gare mu, tsohuwa, wadda duk shekara in rani ya tsananta sai maza sun taru sun yashe ta, in ba haka ba guga ya riƙa fitowa da taɓo. Ni ne kuma ɗan bokon dattawan garin (na yi firamare har aji huɗu kafin mahaifina ya ce shanu sun fi malamai bukatata, daga baya na ƙara da yaƙi da jahilci, saboda haka a kiyaye). Ina da tabarau, ina da biro a aljihun gaba, kuma in baƙon gwamnati ya zo ni ake turawa in yi masa jawabi.

Ana saura 'yan makonni zaɓe sai ga Ɗanladi, ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu, yaron da na ci tuwon sunansa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce wai Onarabul, ɗan majalisarmu mai neman komawa, ba ya iya barci saboda ƙishirwarmu. Shekara huɗu mutumin nan yana barcinsa har da munshari, sai da aka kaɗa gangar zaɓe sannan ƙishirwarmu ta tashe shi. Wannan lissafin yanzu nake yin sa. A ranar, "Allah Ya saka masa da alheri" na ce.

Motar haƙa ta zo da hantsi, ta yi ta ruri har la'asar, ta kama gabanta. Magina suka biyo baya, suka kafa ƙarafa, suka ɗora baƙin tanki a sama, da farantan sola masu ƙyalli, da kan famfo, da dogon komin siminti na shayar da dabbobi. Aka zagaye da waya, aka sa ƙofa da kwaɗo. Da wasu suka tambaya ina ƙasar da aka haƙo, tun da ba su ga ko tsibi ɗaya ba, ni ne na gyara tabarau na yi musu bayani cewa injin zamani matse ƙasa yake yi a gefe, ba ya fito da ita. Babu wanda ya gaya mini haka. Daga cikin ilimina na ciro shi.

Ranar buɗewa motoci suka cika garin, da maroƙa, da samarin nan masu jajayen idanu da ke lilo a jikin mota. Aka naɗa ni shugaban kwamitin ruwa, aka rataya mini makulli a wuya. Onarabul ya rungume ni kamar shi ne ɗana na fari da ya ɓata, ya murɗa famfo, ruwa ya ɓarke, ya tara kofi ya kai mini baki da hannunsa. Na sha. Akwai ɗan warin man dizal, amma da Inna Hajara, mai ɗakina, ta yi zancen warin daga baya, na ce mata maganin kashe ƙwayar cuta ne, ba fanninta ba ne. Sai aka miƙo mini makirfo. Ni kuwa in aka ba ni makirfo ba na sanin inda birki yake. Na ce, "Ruwa ya zo. Daga yau duk wanda ya kwana da ƙishirwa a garin nan, shi ya so."

Kafin mako ya zagayo maganar nan ta shiga rediyo. Safe da yamma, bayan kiɗan Onarabul, sai ka ji muryata. Na riƙa yawo da rediyo a hammata don kada a sa ni ba na kusa.

Da za su tafi Ɗanladi ya ja ni gefe. Ya ce injin sabo ne, kamar sabon babur yake, ba a ba shi wuta tun farko. In rufe, kada jama'a su wahalar da shi, sai bayan zaɓe injiniya zai dawo ya sake shi gaba ɗaya. Na ce ai ni ba sai an yi mini dogon bayani ba. Na datse kwaɗo. Mata suka ci gaba da ja a tsohuwar rijiya, ni kuma kullum da safe nakan buɗe in ɗebi bokiti ɗaya don gwaji (kuma gwajin gidana yake tafiya, kada a zubar a yi asara). Kullum ruwa na zuwa, ni kuma ina cewa rana ce ke mayar da abin da na ɗiba. Da lokacin yasar rijiya ya yi, maza suka fara zancen igiya da kwanduna, ni na tashi na ce wahalar me za mu sha, mu da muke da sola? Aka fasa.

To, ina da suruki a wajen Basirka, ƙasar Gwaram, Malam Buba, uban mijin 'yata Saude. Mutum ne mai shanu, mai ƙarancin magana, irin wanda in ya ce maka "to" ka san ya gama jawabi. A shekarar tafkinsu ya ƙafe da wuri, yana shirin kora garken kudu kamar yadda ya saba. Ni na kira shi a waya, ba shi ya kira ni ba. Na ce masa ina dalilin wahalar da dabbobi alhali surukinsa ne ke riƙe da makullin ruwa? Na ce komi ga shi nan sabo, ya kawo su su sha har damina. Ya ce ya ji ni a rediyo. Sannan ya ce, "To."

Ana jibi zaɓe labari ya zo cewa sun kusa. Na tashi da himma, na buɗe famfo, na wanke komin nan tas da tsintsiya, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa, don kada shanun baƙo su sha ƙurar siminti. Na lura ruwan ya ɗan rage ƙarfi a ƙarshe, na ce rana ce ba ta gama ɗagawa ba.

Da azahar suka iso, zafi kamar a kasko. Shanun sun rame, harsuna a waje, suna jin sanyin jiƙaƙƙen siminti suka fara kuka suna tunkuɗar waya. Gari ya fito kallo. Na saka babbar rigata ta Juma'a, na gaisa da Malam Buba cikin kunya da girmamawa kamar yadda ake yi da suruki, na ciro makulli daga wuya a hankali don kowa ya gani. Na yi bisimilla na murɗa famfo.

Ya yi huci kamar tsoho ya hau tudu, ya ɗigo sau ɗaya, ya yi shiru.

Na murɗa dama, na murɗa hagu. Na buga shi da tafin hannu. Na juya na sanar da jama'a cewa iska ce ta shiga, abu ne da aka sani a kimiyya. Na ƙwanƙwasa ƙarfen tanki da sanda, ya amsa mini kamar ganga. Sai na ce bari in girgiza babban bututun da ya shiga ƙasa, wanda ke jawo ruwa daga rijiyar, ko wani abu ne ya toshe. Na tattare riga, na sunkuya, na kama shi da hannu ɗaya na ja.

Ya biyo ni. Na yi baya na zauna daɓas a ƙasa, hula ta yi nata wuri, ga ni riƙe da rijiyar Onarabul gaba ɗayanta a hannu. Tsawonta bai fi kamu biyu ba, ƙarshenta cushe da busasshiyar ƙasa. Ashe tankar ruwa ce ta cika tankin ranar da muka watse zuwa kasuwar Birnin Kudu, kuma ragowar da ta rage ni na wanke komi da ita da safe.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Shanu kawai ke kuka. Ana cikin haka rediyon wani mai shayi ya saki kiɗan Onarabul, sai ga muryata tana gaya wa duniya cewa wanda ya kwana da ƙishirwa shi ya so.

Malam Buba ya tako ya ɗauko hulata, ya kaɗe, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Malam, mu ma can sun kafa mana irin wannan, ban ko je kallo ba. Da na ji muryarka ce na ce wannan na gaske ne."

Aka kora garken zuwa tsohuwar rijiya, wadda na hana a yashe. Guga ya riƙa fitowa rabi ruwa rabi taɓo. Maza suka tuɓe suka shiga yasa a ranar, ba wanda ya dube ni, ni kuma na tsaya a layin miƙa kwando da babbar rigata har ta koma kalar ƙasa. Kafin ruwa ya taru, wata farar saniya mai ciki ta durƙushe, ta kasa tashi, dole aka sa mata wuƙa. Da magariba Malam Buba ya aiko da cinya guda gidana, wai rabon mai masauki. Inna Hajara ta dafa ta ajiye mini. Na yi shekaru ina cin nama da ragowar haƙorana, amma wannan ya ƙi wucewa.

Na kira Ɗanladi, wayarsa a kashe. Onarabul ya ci zaɓe, har da ƙuri'un akwatinmu, domin an raba taliya da sabulu da asuba. Bayan mako biyu wasu suka zo suka kwance farantan sola wai za a kai gyara. Da aka rantsar da shi, aka karanta rijiyarmu a cikin ayyukan da ya kammala.

Abin da ke ƙona mini rai ba ƙaryar ba ce, ƙarya kam sana'arsu ce, da ita suke ciyar da iyali. Sun san bakinsu ya mutu, ko sun rantse da Alƙur'ani ba mai saurare, shi ya sa suke bin ƙauyuka suna neman tsoho mai furfura da bai taɓa cin amanar kowa ba, su ari bakinsa su yi ƙarya da shi, su bar shi da kunya su koma Dutse da Abuja. Shekara saba'in na yi ina tara mutuncin da suka kashe a tallan rediyo ɗaya. Ni kuma, da tabarau ɗina da biro, na miƙa musu har ina godiya.

Da wani zaɓen ya zagayo, sai ga Ɗanladi ya ƙara tumbi, ya durƙusa, wai za a yi bikin gyaran rijiyar, ana son dattijo ya sha ruwa. Na shiga ɗaki na ɗauko bututun (da shi nake korar awaki daga rumbu), na ce masa zan zo, amma da rijiyar zan taho, in nuna wa masu kyamara zurfinta. Bai tsaya shan furar da aka dama masa ba.

Yanzu duk ɗan siyasar da ya kawo mini abu, ko tabarma ce, sai na ja ta na ga inda ta tsaya kafin in buɗe baki. Malam Buba kuwa bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk sanda ya zo gaishe mu aka kawo masa ruwa, yakan riƙe kwanon, ya dube ni cikin ladabi, ya ce, "Malam, na tsohuwar rijiya ne ko?" Sai na ce e, sannan ya sha.