Kawun Guduma da Gwiwar da Ya Warkar

Ba kowane gida ne Allah ke yi wa baiwa da mutum irin Kawu ba. Wasu dangin sai su ƙare kaf ba su samu ko rabinsa ba. Mutum ne mai hangen nesa. Duk abin da ya faru ya riga ya hango shi, sai dai saboda kawaici ba ya faɗa sai bayan ya faru. Yana da shagon labule da gidan sauro a bakin babban titi, da kujera mai juyawa, da tumbi mai ladabi wanda ke riga shi shiga ɗaki ya yi masa sallama. Maƙwabtan shago suna kiransa Ni-Na-Faɗa. Yana amsawa da fara'a, don a zatonsa sarauta ce.

Babban aikin da Kawu ya yi wa duniya shi ne 'yar ƙanwarsa. Ba shi ya haife ta ba, ba shi ya raine ta ba, amma waɗannan ƙananan abubuwa ne.

Yarinyar ita ce kyaftin ɗin 'yan ƙwallon raga na kwalejinsu, kuma ɗalibai suna kiranta Guduma. In ta yi tsalle ta doki ƙwallo ta saman raga, 'yan wancan ɓangaren ba tunanin tarewa suke yi ba, fuskokinsu suke karewa. Tun shigarta kwalejin kofi bai bar ofishin shugaban makaranta ba. An ba ta lambar gwarzuwar 'yar wasa, an sake ba ta, kuma duk da haka ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, abin da ya fi ba malamanta mamaki.

Mahaifinta direban babbar mota ne, dogon mutum marar magana, ya rasu tana firamare. Uwarta tela ce, keke ɗaya a ɗaki ɗaya. A bayan gidan hayarsu akwai igiyar shanya, kuma a kanta yarinyar ta koyi wasa, da ƙwallon da uwar ta ɗinka mata da ragowar ƙyallaye. Wata malamar sakandare ta gan ta, ta sa ta a ƙungiyar makaranta. Daga nan sai abu ya yi ta gaba.

Gudunmawar Kawu a wancan zamani tana nan a tarihi. Ya zo gidan wata rana ya tarar da ita tana tsalle, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan tsalle-tsallen fa na mene ne?" ya ce wa ƙanwarsa. "Ki kawo ta shago ta riƙa sauko mini da kaya daga saman kanta. Tsawon nan nata ya yi amfani, in huta da sayen tsani."

Masu gajeren tunani suna ɗaukar wannan a matsayin hanawa. Kawu ya sha yi musu bayani, bayan kofi na farko ya shigo, cewa dabara ce. Ya hana ta ne don ta ƙara naci. Tsawon ma, in ji shi, daga wajensu ta gado, kuma duk sanda zai faɗi haka yakan ɗan yi ɗage a kan yatsun ƙafa. In wani ya tambayi inda ya san wasan, sai ya nuna kayan shagonsa da hannu.

"Raga fa ake magana. Ni da na tsufa ina sayar da gidan sauro, wa zai gaya mini raga?"



Ranar wasan ƙarshe na gasar kwalejoji ce ranar farko da Kawu ya taka filin. Ya zo cikin kwat, da usur rataye a wuya, ya gaya wa mai tsaron ƙofa shi ne manajan kyaftin. Tabaransa ya bari a mota, don yana tsufar da shi. Ya wuce layin gaba ya zauna a kujerar da aka keɓe wa shugaban kwaleji, shugaban kuwa da ya iso ya ga irin zaman, sai ya ɗauka wani babba ne daga ma'aikata, ya nemi wata kujerar.

Zagayen farko ya tafi lafiya, don ƙanwarsa ta nuna masa ɓangaren da 'yarta take. Matsalar ita ce babu wanda ya gaya wa gwanin raga cewa ana sauya ɓangare bayan kowane zagaye. Kawu ya ci gaba da tafa wa hagu. Wata doguwar yarinya ta abokan karawa ta doki ƙwallo ta ci, ya miƙe tsaye ya bugi ƙirji.

"Jinina ke nan! Haka na koya mata!"

Ƙanwarsa ta jawo gefen kwat ɗinsa ta raɗa masa magana. Ya zauna, ya gyara usur, ya ce ai ruɗa abokan gaba yake yi.

Duk da taimakonsa, kwalejin ta ci.

A cikin masu kallo akwai wata mata mai furfura, cikin kayan motsa jiki, wadda ba ta tafa ko sau ɗaya ba. Ita ce kociyar ƙungiyar ƙasa. Gurbi ɗaya ya rage mata a sansanin horo, kuma 'yan wasa biyu take dubawa. Bayan an miƙa kofi ta kira Guduma gefe, ita da uwarta, ta fara magana a hankali. Uwar ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu. Guduma tana goge gumi tana cewa "to, to," kamar mai tsoron kada maganar ta fashe.

Sai tumbi ya iso, Kawu na biye da shi.

"Madalla da kika zo wurin da ya dace," ya ce, ya shiga tsakaninsu. "Yarinyar nan da kike gani, aikin hannuna ce. Ba don ni ba da yanzu a keken guragu take. Kin ga gwiwar nan ta dama? Ta taɓa tarwatsewa. Likitoci suka taru suka ce ba za ta ƙara takawa ba. Na ce ku ba ni ita. Man zafi kawai, da ƙyallen labule, da waɗannan hannayen."

Ya ɗaga hannayen don a gan su.

Kociyar ta dubi gwiwar. Ta dubi Guduma.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Ban taɓa ciwon gwiwa ba," in ji Guduma. "Wallahi ban taɓa ba."

"Kin ji ko?" Kawu ya yi murmushi. "Ko tunawa ba ta yi. Aikin gwani ke nan."

Kociyar ba ta yi dariya ba. Ta ce ta sha ganin 'yan wasa suna ɓoye rauni don a ɗauke su, su je sansani su karye, a rasa su a rasa gurbin. Ba ta ce yarinyar ƙarya take yi ba, amma cikin mutum biyun nan dole ɗaya ne ke faɗin gaskiya. A kawo mata hoton gwiwar daga asibiti kafin ta rufe zaɓe a ƙarshen mako. In ba haka ba, ɗaya yarinyar tana nan da gwiwoyin da babu wanda ya yi musu tarihi.

Kawu ya koma gida yana ganin ya yi wa yarinyar talla.

Washegari ƙanwarsa ta rufe kekenta ta tafi shagon. Ta tarar da shi yana ba masu sayen labule labarin yadda kociyar ƙasa ta nemi shawararsa. Ta jira suka fita.

"Yaya, ka kira matar nan ka gaya mata ba gaskiya ba ne."

"Wanne ne ba gaskiya ba?"

"Yarinyar nan tun jiya ba ta ci abinci ba. Tana zaune bakin gado tana taɓa gwiwa, gwiwar da lafiyarta ƙalau. Tun da ubanta ya rasu ban taɓa zuwa nan na roƙe ka komai ba. Yau na zo. Kalma ɗaya ce, Yaya. Ka ce ka yi kuskure."

Kawu ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya juyo. A gaskiya maganar ta taɓa shi, don yana son yarinyar iyakar yadda mutum irinsa ke iya son wani da ba shi ba. Amma ana neman ya furta kalmar da bakinsa bai taɓa ɗanɗanawa ba.

"Babban mutum ba ya janye magana," ya ce. "Sai dai ya yi ƙarin haske. Ba ni lambarta."

Ya kira. Ya gaishe ta da muryar da yake gaishe da manajan banki. Ya ce ya sake nazari a kan batun jiya, kuma a matsayinsa na mai gaskiya ya ga ya kamata ya gyara. Uwar ta sauke numfashi.

"Mai yiwuwa," in ji Kawu, "gwiwar hagu ce."

Haka aka koma neman hoton gwiwa biyu.

Uwa da 'ya suka wuni a kan bencin asibiti, ɗinkin mutane yana jira a gida. Da aka kusa kiran Guduma sai ta ce, "Umma, in fa aka ga wani abu?" Uwar ta ce babu abin da za a gani. Amma ita ma sai ta sami kanta tana ƙoƙarin tuna ko akwai wata faɗuwa da ta manta. Irin ƙarfin maganar Kawu ke nan. Tana sa mai lafiya ya fara ɗingishi.

Likita ya ɗaga hotunan ya duba, ya ce da ana sayar da gwiwa da ya sayi irin waɗannan. Babu karaya, babu tsohon rauni, babu komai.

Labari ya isa shago kafin su isa gida. Kawu ya karɓe shi cikin tawali'u. Ya tara maƙwabta ya ce shi bai so a yi ta yayatawa ba, amma tunda kimiyya da kanta ta yi magana, to, ga shi: har na'ura ta kasa gano wurin ɗaurin.

Kociyar ta ɗauki Guduma, da sharaɗi ɗaya. Kada kawun nan ya kusanci ƙofar sansani. Da aka gaya masa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimci duniya. Ya ce bai ga laifinta ba, kowa yana tsoron wanda zai iya karɓe masa aiki.

Kwalejin ta shirya taron sallama a filin wasa. Shugaban makaranta ya yi magana, malamar sakandaren nan ta yi magana, aka kira uwar ta yi godiya. Babu sunan Kawu a cikin masu jawabi, amma ya ɗauki hakan a matsayin mantuwa, ya yafe, ya karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa.

"Ɗalibai," ya ce, "kun ga reshe, yau za ku ga tushe. Mutane suna tambayata, Ni-Na-Faɗa, mene ne sirrin? Ina ce musu sirri ba a baki yake ba, a jiki yake. Ku ba ni ƙwallo."

"Kawu, don Allah," in ji Guduma.

"Bari, 'yata. Ilimi ba a ɓoye shi."

Aka ba shi ƙwallo. Ya cire kwat ya miƙa wa shugaban kwaleji. Ya ja da baya, ya cilla ƙwallon sama, ya taho da gudun da tumbi ya amince da shi, ya yi tsalle. Masu gani da kyau sun rantse ƙafafunsa sun bar ƙasa. Hannunsa ya doki iska da ƙarfin gaske. Ƙwallon ta sauko a bayansa ta gangara abinta. Shi ma ya sauko, amma gwiwarsa ta dama ba ta yarda da shirin ba. Aka ji ƙas, sai ga tushe a zaune a ƙasa yana kiran sunan Allah.

Ɗalibai suka rasa ko dariya za su yi ko salati. Guduma ce ta fara isa. Ta durƙusa ta tambaye shi ina ne, ya nuna. Ba ta jira kowa ba. Ta sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin ƙafafunsa, ta ɗauke shi cak ta nufi mota da shi, usur yana lilo. Wani mai ɗaukar hoto na jarida ya sha gabansu.

Ko a cikin wannan hali Kawu bai manta da kansa ba. Ya juyo da fuska, ya yi murmushi.

Da jaridar ta fito yana kwance a falo, ƙafa a naɗe a kan matashi, maƙwabtan shago sun cika kujeru sun zo dubiya. Hoton ya cinye rabin shafin wasanni. Ga Guduma, ga shi a hannunta, kowa ya gane shi. Kawu ya sa aka zagaya da jaridar hannu zuwa hannu. Ya ce ciwon nan ba komai ba ne, sadaukarwa ce, kuma ga shi yanzu ƙasa baki ɗaya ta san wane ne wane. Sannan ya miƙa wa matarsa, ya ce ta karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashi, da ƙarfi, don na bakin ƙofa su ji.

Ta kalli rubutun. Ta kalle shi.

"Maigida, ka bari sai baƙi sun tafi."

"Karanta."

Ta gyara murya ta karanta: "Sabuwar 'yar wasan ƙasa tana taimakon wani tsoho ɗan kallo da ya faɗi a fili."