Ranar da Na Guje wa Fatalwar da Na Naɗe da Hannuna

Ko zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da fim ɗin tsoron da muka ɗauka muna aji huɗu a sakandare a Gusau ba, can cikin shekarun saba'in. Malaminmu na kimiyya, Mista Adeyemi, yana da wata 'yar kyamara da ake murɗa wa wani mabuɗi kamar agogo. Ya ba mu aronta da faifan fim guda ɗaya tak, na minti uku, ya ce in ya lalace shi ke nan, kuma gaban duk makaranta za a nuna abin da muka ɗauko.

Ni na naɗa kaina darakta (hujjata ita ce na fi kowa tsallake katanga zuwa sinima). Sati guda ina cika wa mutane kunne. Za a buɗe daga nesa, a ga bishiyar kuka ita kaɗai. Sai in taho a hankali da kyamara a ido, kamar idon mai tafiya, har in matso kan gawa cikin likkafani. Gawa ta tashi zaune, ni kuma in durƙusa in ɗauko ta daga ƙasa don ta yi girma. Na rantse sai 'yan aji ɗaya sun jiƙa wando.

Muka hau mota zuwa Bungudu mu uku: ni, da Emmanuel wanda zai yi gawar, da Garba mai riƙe jaka. Tsakar rana muka zaɓa saboda kyamarar tana son haske. Garba ya ce, "Kai, gindin kuka da rana tsaka? Lokacin fitarsu ke nan fa." Na yi masa dariyar ƙauyanci. Da hannuna na naɗe Emmanuel cikin zanen gadona, na ɗaure kai da ƙafa, sannan na juya baya na tafi ina ƙirga taku hamsin, ina ta gyare-gyare kamar wani masani.

Na danna maɓalli na kulle shi, na rufe ido ɗaya, na fara takowa. Wallahi abin ya yi kyau! Kuka, inuwa, farin zane. Na matso, gawa ta motsa, ta fara tashi. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Na waiwaya, ga Emmanuel tsaye yana shan rake. Ya ce, "Darakta, ka fara ne?"

Jama'a, in Emmanuel na nan, wa ke cikin zanen?

Ban tsaya neman amsa ba. Na watsar da kyamara, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ina salati iya ƙarfina. Ashe zafi ne ya ishi Emmanuel, suka yi musanya da Garba ina can ina ƙirgen taku. Da suka kamo ni cikin gonar dawa na roƙe su su rufa mini asiri, na ɗauki alkawarin wankinsu na sati biyu (kuma na yi, har da safa).

Abin da na manta shi ne maɓallin da na kulle. Da fim ya dawo daga wanki aka toshe tagogin zauren taron makaranta da barguna bayan azahar, na zauna a gaba ina hura hanci. Kuka ta fito, aka yi tsit. Gawa ta tashi, wani ya yi ihu. Sai sama ta juya, hoto ya tsaya daga ƙasa, ga ni nan ƙato, takalmi ɗaya a sama, hannu riƙe da wando, ina faɗawa cikin dawa. A gefe kuma gawa tana dariya har da dukan cinya.

Zaure ya kece da dariya. Mista Adeyemi ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne ɗauka daga ƙasa, ya iya!" Ya mayar da fim baya, na fito daga dawa da baya, takalmi ya koma ƙafata. Sau huɗu ya yi haka. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kafin hutu labari ya riga ni isa gida Tsafe. Ina sallama Inna ta ce, "Kai, mi ya kore ka, zanen da na saya maka?"

Tun daga ranar, duk wanda na naɗe sai na leƙa fuskarsa sau biyu. Kuma in gudu ya kama ni, sai na kashe kyamara tukuna.