Ranar da na yi wa majigi baki

Ko zan manta da komai, ba zan manta da la'asar ɗin da aka kawo majigi Kaoje ba.

Wani malamin jami'a ne ya zo da tsohon fim da wani Bature ya ɗauka a bakin Kwara tun zamanin mulkin mallaka, na makiyaya suna ƙetarar da shanu. Hoto ne kawai ke motsi, babu sauti ko kaɗan. Malamin ya ce a da mutum guda ke tsayawa gefen farin ƙyalle yana yi wa jama'a bayani. Nan take aka ce a kira ni (ni ke riƙe lasifika a duk bikin unguwarmu, kuma bakina ba ya gajiya). Malamin ya ce in zo da wuri mu fara kallo tare. Na ce, "Malam, shanu ne fa. Wa zai koya mini shanu?"

Aka toshe tagogin ajin firamare da tabarmi, wuri ya cika. A layin gaba ga surukina Baffa Umaru da yayarsa Goggo Dije. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, sai na ce yau zai ga irin surukin da Allah ya ba shi.

Can sai ga wani dogon makiyayi da malfa ya shiga ruwa, santsi ya kwashe shi, malfar ta bi kogi. Maimakon bayani, sai na ari murya: "Wayyo, ruwan ga da sanyi! Da na zamna gida na sha hura!" Aji ya kece da dariya, kaina ya ƙara girma. Na raɗa masa suna Sarkin Ragwaye. Da aka nuno fuskarsa kusa, har na buɗe baki zan ƙara, sai Goggo ta miƙe.

"Ku tsai da shi! Umaru, duba da kyau. Babanmu ne."

Lasifikar ta kusa suɓuce mini. Duk wanda ke wurin ya san Baffa yana goye mahaifinsa ya rasu a wajen kiwo can ƙasar Benin, ko hotonsa bai taɓa gani ba. Ganin farko ke nan, kuma da muryata a bakin uban. Goggo ta ce ita tana bakin gaɓa ran nan, faɗuwar ma Baturen ne ya roƙe shi ya yi don hoton ya yi armashi.

Baffa ya ce a mayar da fim ɗin baya. Sannan ya dube ni, karo na farko a rayuwa, ya ce, "Kai kuma ka bar shi ya yi shirunsa." Muka sake kallo, babu ko tari, shi yana share ido da bakin rawani.

Na je na durƙusa, ya yafe. Tun daga nan ba na yi wa abin da ban sani ba baki. Amma har yau in na je gaisuwa sai ya ce, "A kawo mishi ruwa. Ban da mai sanyi."