Yadda Za Ka Sauya Robar Ƙofa Ba Tare da Ka Ji Maganar Matarka Ba

Robar ƙasan ƙyauren ɗakinka ta cinye, damina ta kama, matarka Turai kuma ta jingine buhun irin wakenta a bayan ƙofa tana jiran a gama shukar gero ta kai gayaunarta. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawarin duk garin Wagini sai an san da aikinka.

1. Jinkirta

In ta ce feshin ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, ka ɗaga kai ka dubi sama kamar kai ke rabon hadari, ka ce mata da saura. Sannu ba ta hana zuwa. Mako uku ya isa.

2. Guji masu sana'a

Ranar kasuwar Batsari za ka wuce Uwaisu mai faci zaune cikin tsofaffin tayoyi. Zai ce ka kawo awon ƙofar ya yanka maka daidai. Gaishe shi, tambayi iyali, ka wuce. Me mai faci ya sani game da ƙofa?

3. Nemi roba a gida

Ga gugan Turai can rataye a bakin rijiya, roba ce mai kauri. Ka bari sai ta shiga maƙwabta barka, sannan ka sa wuƙa. Namiji ba ya shawara a kan guga.

4. Auna da taƙi

Igiyar awo ta masu shakka ce. Ƙofa taƙi huɗu, roba ta ba ka uku da rabi. Buga ƙusa haka nan. Ragowar kafar ka bar ta ta gefen buhu, ai ɗaki ma yana son shan iska. Yanzu ruwan da a da yake bazuwa ko'ina ya sami hanya guda, ya san inda za shi.

5. Karɓi yabo

Bayan ruwa biyu, Turai za ta ɗaga buhu ta tarar wake ya yi tsiro fari fat, saiwa ta huda ƙasan buhun. Ba za ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Za ta dube ka, ta dubi abin da ya rage na gugan, ta ce:

"Sannu da aiki, Malam. Ka hutar da ni zuwa gona, shuka ta zo har ɗaki. Sai ka faɗa mini da me zan ja ruwan ba ta."

Kar ka amsa. Gwani ba ya yawan magana.

A kula: duk wanda ya bi wannan shawara ya ɗebo da zafi, bakinsa, babu hannuna a ciki. Mai ƙorafi ya same ni bayan sallar asuba a hanyar rijiyar maƙwabta. Ni ne mai jarka biyu, kuma Turai ta ce sai kaka zan sauke su.