Ranar da Auduga ta Kayar da Ɗan Tauri

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Likita Bature ya zo Dandin Mahe yin lambar agana. Lokacin ina saurayi, ƙirji kamar faifai, baki ya fi ƙirjin faɗi. Karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba (rubutun nan ma a yaƙi da jahilci na tsince shi bayan furfura ta fito), amma a wasan tauri ba ni da na biyu a wajen cika baki.

Wanda ya ba ni maganin shi ne Kawu Arzika, Sarkin Taurin garinmu. Ya jiƙa mini saiwoyi masu ɗacin da har yau in na tuna sai harshena ya motsa, ya ɗaura mini guru a ƙugu, ya ce daga ranar ƙarfe ya zama ɗan'uwana. Ranar kasuwa in makaɗi ya saki ganga, sai in zare wuƙa in yi ta gurza ta a ciki ina kirari. Ba ta taɓa yanka ni ba. (Gaskiya kuma ban taɓa kai ta wajen maƙeri a wasa ta ba. Ban ga dalili ba.)

Duk wannan rawar kan saboda Kulu nake yi, ɗiyar Malam Jabbi mai albasa. Magana ta yi nisa, har an ce manyana su je gaisuwa bayan an cire albasa. A zatona taurin nan ne ya sa take kallona.

Da labarin lamba ya iso, samari suka watse cikin fadama suka ɓuya, don an ce Bature yanka mutum yake ya zuba masa ciwo. Ni kuwa na zauna a ƙofar gidan Hakimi na miƙe ƙafa, ina faɗa wa duk mai kunne cewa ni ba gudu ba ɓuya, askar Nasara in ta taɓa ni lanƙwashewa za ta yi.

Tafintan Likita ya ji, ya kai masa. Sai ga dogari ya ce ana kirana, ni da Kawu Arzika.

Likitan wani dogo ne, hancinsa ya ƙone da rana ya yi ja. Bai yi faɗa ba, murmushi ma yake. Ya sa tafinta ya tambayi Kawu Arzika abin da maganin yake bukata kafin ya yi aiki.

Kawu ya ce, “Ranka shi daɗe, ganga, da kirari, da gurunai ga ƙugu.”

Likita ya ce a kawo duka, kada a rage ko ɗaya, don kada a zo daga baya a ce wani abu ne ya ɓata. In aska ta ƙi shiga, zai naɗe kayansa ya bar garin, ya kuma faɗa wa manyansa a Sakkwato abin da ya gani. In ta shiga, kowa ya fito a yi masa lamba. Hakimi ya ce ya yarda.

Nan fa na ja Kawu gefe. Na raɗa masa, “Anya maganin nan ya san ƙarfen Turai?”

Ya ce, “Ƙarfe ƙarfe na. Tsaya da kyau, kak ka ba ni kunya.”

Hantsi ne, gari duk ya taru. 'Yan fadama ma sun lallaɓo suna leƙe ta bayan darni. Malam Jabbi na zaune gaba kusa da kwandunan albasarsa, Kulu na bayansa da ƙawayenta. Makaɗi ya saki ganga, na tuɓe riga, na miƙa dantse. Ɗan tauri ba ya kallon ƙarfe, sama yake kallo don raini. Ni na ƙara da nawa, na runtse ido gam.

Ina cikin kirari, ina cewa ni ne dutsen da ya gagari gatari, sai na ji wani abu mai sanyi ƙalau ya ratsa dantsena daga sama zuwa ƙasa. Sanyin nan ya tafi har tafin ƙafata. A raina na ce shi ke nan, ya tsarge ni kamar kifi.

Na kurma ihu, “Ta shiga! Wayyo inna, ta shiga!”

Na yi tsalle baya ido rufe, na faɗa cikin kwandon surukin da nake nema. Albasa ta watse tana gangara ko'ina, ni ina kwance a tsakiya riƙe da hannu, ina salati, ina jiran jini ya ƙare in cika.

Ganga ta tsaya. Na buɗe ido ɗaya. Babu jini ko ɗigo. Likita na tsaye, a hannunsa ɗan guntun auduga ne da ya jiƙa da maganin goge fata. Askar tana can cikin kwanonta, ko ɗaukarta bai yi ba.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Makaɗi ya kifa kan gangarsa. Hakimi ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Malam Jabbi ya cire albasa ɗaya daga ƙarƙashina ya duba, ya ce, “Yaro, tashi hakanan, ba kai munka shuka ba.”

Tafinta ya ce da Kawu, “To, Sarkin Tauri, mi kac ce?”

Kawu ko gezau. Ya ce, “Maganin ƙarfe nib ba shi. Wa yaj ji na ce na ba shi na auduga?”

Da aka fassara, Likita ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce Kawu ya yi gaskiya, ba a gwada komai ba tukuna. Aka tsayar da ni. Ya ɗan karce ni da askar, abin bai kai cizon cinnaka ba, jini ya tsattsafo. Ya nuna wa jama'a.

Kawu ya ce, “Ganga ba ta tashi ba, makaɗi na dariya. Kuma tsoro na karya magani.”

Likita ya tambaya, to wane irin gwaji ne Kawu zai yarda da shi? Kawu ya shafa gemu, ya ce, “Wanda aska ba ta shiga ba.”

Haka aka tashi. Likita ya tafi da tabbacin ya ƙaryata tauri, Kawu ya koma gida da tabbacin ba a ko taɓa shi ba. Samarin fadama kuwa suka fito suka yi layi, suna cewa in dai auduga ce mafi zafi a ciki, za su iya.

Na yi kwanaki ban bi ta ƙofar Malam Jabbi ba. Na riga na sallama Kulu. Sai ranar kasuwa ta tare ni, tallan fura a ka, ta ce, “Sarkin Auduga, an daina gaida mutane?”

Na ce, “Da wane ido?”

Ta ce, “Da wanda kab buɗe cikin kwando. Ni dama wuƙar nan taka ka ba ni tsoro. Namijin da auduga ka kayarwa, ana iya zama da shi.”

Bayan cire albasa manyana suka je. Da agana ta ratsa ƙasar daga baya, ta tsallake ni. Na nuna wa Kawu tabon lamba, ya ce saiwoyinsa ne suka yi aiki a makare. Ban musa ba, ya tsufa.

Jikokina 'yan boko sukan tambaye ni ko tauri gaskiya ne. Nakan ce ranar da aka so ganewa, ni na ɓata gwajin. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka yi ihu ka fara buɗe ido. Kulu kuwa har gobe in ta ji na fara cika baki gaban baƙi, sai ta ciro 'yar auduga daga matashi ta ajiye a gwiwata.