Ranar da Na Zaunar da Alhaji a Cikin Teku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai Alhaji Sale bakin teku ba. Ko ni na manta, mutanen gidansa ba za su bari ba.

Lokacin ina shekarata ta huɗu ta karatu a Alƙahira, mu biyar muke cunkushe a wani gidan haya a unguwar Abbasiya. Alhaji Sale kuwa mahaifin Nafisa ne, yarinyar da nake nema da aure. Ɗan kasuwa ne, yakan zo kasuwar Ataba ta Alƙahira saro abayoyi da takalma. Iyayena sun riga sun je gaisuwa, amma ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya ga yaron da idonsa. Kafin ya sauka, Nafisa ta kira ni ta roƙe ni abu ɗaya: in rage surutu. Na ce ta kwantar da hankalinta (shawarar farko ke nan da na yi watsi da ita).

Kwana uku ina bin sa lungu-lungu a Ataba, ni ne tafinta, ni ne ɗan dako, har ƙafafuna suka kumbura. Rana ta huɗu ya ce hayaniyar garin nan ta ishe shi, ko akwai inda mutum zai sha iska? Bakina ya riga hankalina. Na ce akwai wani ƙauyen shaƙatawa a Ain Sukhna, bakin Bahar Maliya, na san shi kamar yunwar cikina. Gaskiyar magana, ban taɓa taka wurin ba, a bakin wani ɗan ajinmu na ji labarinsa. Ni ɗan Gumel ne. Ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidanmu, kogin Nilu ma daga kan gada nake gaishe shi.

Bayan tafiyar awa biyu a mota muka isa da hantsi. Wuri dai ya haɗu. Jajayen duwatsu a baya, fararen gidaje a jere, can nesa manyan jiragen ruwa sun yi layi. Ga ƙananan jirage masu gilashi a ƙasa don kallon kifi, ga samari ana jan su a kan wata doguwar balan-balan suna ihu, ga masu gasa masara. Duk abin da Alhaji ya nuna ya tambaya, amsa na bakina. Jiragen nan ina za su? Na faɗa masa. Me suka ɗauko? Shi ma na faɗa masa, har da ƙari.

Da muka sauka bakin ruwa sai na ga abin da ya ba ni dariya. Jama'a sun cushe a can baya ƙarƙashin lemomi, kafaɗa na gugar kafaɗa, alhali ga wani makeken fili na lallausan yashi a gabansu babu kowa. Na ce wa Alhaji mutanen Masar ke nan, ba sa jin daɗi sai a cunkoso. Na saɓi tabarmar da na aro na yi gaba.

Wani dattijo mai ba da hayar lema da kujeru ya biyo mu yana kira, "Ya ustaz, ya ustaz!" Ya ce mini kada mu zauna a can, ruwa janyewa ya yi, zai dawo. Na ji shi sarai, babu kalmar da ta wuce ni. Amma shekara huɗu a Alƙahira ta koya mini cewa duk wanda ya biyo ka a baya, wani abu yake son sayar maka. Na ɗaga masa hannu na ce, "La, shukran, khalas," wato a'a, na gode, shi ke nan. Alhaji ya tambayi me ya ce, na ce lemarsa yake talla.

Alhaji ya tsaya ya danna yashin da babban yatsan ƙafarsa. Ya ce, "Malam, yashin nan da danshi. Me ya kawo haka?"

Na ce ai ma'aikatan ƙauyen ne ke yayyafa masa ruwa kowace safiya saboda baƙi (har yau ban san daga ina wannan ta fito ba). Ya gyaɗa kai ya ce lallai suna ƙoƙari. Sai ya ce gwiwarsa na damunsa, in karɓo masa kujerar roba wurin dattijon.

Bayan azahar na kawo abinci: gasasshen kifi, jatan lande, da wata shinkafa mai ruwan ƙasa da ake dafawa da albasa, ita ake ce wa sayadiyya. Alhaji ya zaro ƙullin yajinsa daga aljihu ya barbaɗa, ya ci, ya yaba. Kaina ya kumbura. Na ce bari in kawo shayi, na bar sababbin takalmana a kan tabarma na tafi.

Layin mai shayi ya yi tsawo, na samu inuwa a bayan rumfar na ce in ɗan zauna. Gajiyar Ataba ta kwana uku ta ce ga lokacinta. Ban san iya barcin da na yi ba, na dai farka rana ta karkata. Na karɓi shayi kofi biyu na nufo a guje.

Filin nan babu shi. Ruwa ne ko'ina. A tsakiyarsa ga Alhaji Sale zaune a kan farar kujera, ya naɗe wando, ya ɗora takalmansa da jakarsa a cinya, ruwa ya kai masa ƙwauri, yana jan carbi. Tabarmar aro tana can tana lilo. Mutanen da na yi wa dariya sun yi layi a gaɓa, rabinsu da waya a hannu.

Na watsar da shayi na faɗa ruwa ina kiran a taimaka. Taku goma ban yi ba na zurma wani rami na kife. Ruwan ko ƙuguna bai kai ba, amma sai da na yi kalmar shahada da ƙarfi. Alhaji ne ya taso, takalmansa a hannu ɗaya, ya kama wuyan rigata da ɗayan ya tsayar da ni. Dattijon ya zo ya ɗauki kujerarsa, ya dube ni ya ce "Ma'alish, ya ustaz," wato in yi haƙuri, ya kuma ba ni wasu tsofaffin silifas, don nawa takalman sun yi nasu wuri. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Muka shiga mota muka kamo hanya. Sai da muka hango Alƙahira sannan Alhaji ya yi gyaran murya.

"Shekara goma sha biyu na yi a Legas, kusa da tashar jiragen ruwa. Ina taka yashin nan na san ruwa zai dawo. Tun safe nake yi maka tambayoyi, ina jira ko sau ɗaya ka ce, 'Baba, ban sani ba.'"

Saƙon da ya aika wa iyayena gajere ne: yaro yana da ladabi, yana da juriyar ɗaukar kaya, amma a ƙara masa shekara guda. Haka na ƙara wata goma sha biyu cur a Abbasiya ina cin wake da burodi, Nafisa na tambayata a waya ko har yanzu ana yi wa teku yayyafi.

An dai ɗaura auren daga baya, kuma har gobe a gidansu Sarkin Ruwa ake kirana. Abin da na koya kaɗan ne, amma ya zauna daram. Yanzu ko ƙarfe nawa Alhaji ya tambaye ni, da agogo a hannuna, sai na fara cewa, "Wallahi Baba ban sani ba, bari in duba."