Maratayin da Babu Irinsa a Duniya

Wani mutum ne a layinmu na kafintoci a Funtuwa, sunansa Sallau. In ka shigo layin ba sai ka tambayi shagonsa ba, ka bi inda murya ta fi tashi kawai. Aikin hannunsa ba yabo ba fallasa: yana haɗa benci, yana gyara ƙofa, in an matsa masa ya yi gadon da zai kai shekara biyu. Amma fa baki, wane mutum! A faɗarsa, tun da aka fara sare itace ba a yi kafinta kamarsa ba. Ko tef ɗin awo ba ya taɓawa. In ka miƙa masa sai ya ture hannunka ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Mu da muka sha zama a kujerunsa masu ɗingishi mun san irin kimar da idon ya sani.

Shagon da ke jikin nasa na Malam Haladu ne, mutum shiru-shiru, sai ya wuni bai yi magana goma ba. Wata Litinin Haladu ya dawo daga Kano da wani allon ƙarfe mai huji-huji, irin wanda ake kafawa a bango a rataye kayan aiki. Ya kafa shi, ya jera zarto da guduma da filaya da sukudireba, kowanne a ƙugiyarsa. Shago ya yi fes. Duk muka taru muna kallo, don mu dai a buhu muke zuba namu, in kana neman sukudireba sai ka zazzage buhun kaf.

Sai ga Sallau, yana sakace.

"Me nake gani haka? Haladu, saya ka yi?"

"Saya na yi."

"Subhanallahi! Kafinta ya sayi maratayi? Ai kamar mahauci ne ya tafi sayen tsire. Ka ba mu kunya, wallahi ka ba layin nan kunya!"

Haladu ya ce, "Kwana biyun da zan ɓata a kansa, gara in gama teburin mutane."

"Kwana biyu? Ni tsakanin azahar da la'asar zan yi wanda ya ninka wannan. Na katako, mai rai, ba wannan rariyar da ka liƙa a bango ba."

Abin da Sallau bai lura da shi ba, akwai baƙuwa zaune a kan benci a cikin shagon, ta zo duba tebur. Hajiya Turai ce, shugabar wata cibiyar koyar da sana'a da ke shirin buɗe ajin kafinta. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ka zo a daidai. Maratayi ashirin muke nema, kowane ɗalibi da nasa. Ranar Asabar zan dawo in ga naka. In ya fi wannan, aikin duka naka ne. In bai fi ba, Malam Haladu ya sayo mana na ƙarfe."

Sallau ya doki ƙirji. "Ranki ya daɗe, ki zo da 'yan kallo."

Ranar Talata da safe ya ja ƙofar shago ya rufe, wai kada a sace masa fasaha. To amma bangon langa-langa ba ya rufa wa kowa asiri. Muna jin komai. Garr, garr, zarto. Ƙwas, ƙwas, guduma. Can sai muka ji ɓas! Katako ya tsage. Aka sake sabon lale.

Ranar Laraba ya kai ga huda ramuka, da ido kamar yadda ya saba. Wani ramin ya yi faɗi, wani ko fensir ba ya shiga. Ya kafa a bango ya ɗora guduma don gwaji. Muka ji tim! Sai kuma, "Wayyo Allah, yatsana!"

Haladu ya ƙwanƙwasa langa-langar ya ce, "Lafiya dai, Malam Sallau?"

"Lafiya lau! Ƙarfin katakon nake gwadawa."

Da la'asar ya fito yana ɗingishi, babban yatsan ƙafa naɗe da tsumma, ya ce tuntuɓe ya yi a hanyar masallaci. Ni kam har tausayi ya ɗan ba ni, don na ga idonsa ya raina fata, ga Asabar tana ta matsowa.

Ranar Alhamis sai ya ce mana za shi ta'aziyya. Ashe wata kasuwar ƙauye ya nufa, can bayan Bakori, inda yake ganin ba wanda ya san shi. Mai babur ɗin da ya kai shi ne ya fesa mana labarin daga baya. Wai sun yi ta zagaye har suka isa rumfar wani tsoho mai sassaƙa, sai ga wani maratayi jingine a gindin bishiya. Katakon maɗaci, ya sha goga sumul. Ga ramuka manya da ƙanana a jere, ga ƙugiyoyi a ƙasa, ga wata doguwar tsaga a gefe, ga ɗan kanta a sama.

Sallau ya washe baki. "Baba, ɗauko min wancan."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka dai san amfaninsa ko? Wannan ai na..."

"Haba Baba! Ni za ka koya wa katako? Shekarata talatin ina cin abinci da shi. Naɗe min kawai."

Tsoho ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya naɗe masa a buhu. Ko tayi Sallau bai tsaya yi ba. Ai ƙaramin sani ƙunƙumi ne.

Ranar Juma'a ya sake kulle kansa. Ya ɗan bi gefen katakon da sanfefa, ya watsa garin katako a ƙasa da kan hularsa, yana ta buga guduma a kan wani tsohon kututture don mu ji ana aiki. Har waƙa yake yi.

Asabar da hantsi layin ya cika. Kafintoci, masu walda, masu faci, har Gambo mai shinkafa da wake da ke tsallaken titi ta bar tukunyarta ta leƙo. Hajiya Turai ta iso. Sallau ya sha wanki da guga, ya rufe bangon shagonsa da zanen gado. Ya yi gyaran murya, ya fizge zanen, fuu!

Gaskiya abin ya yi kyau. Har aka ce, "Kai!" Sai dai duk mai ido ya ga kayan aikin ba su zauna daidai ba. Guduma ta karkace kamar mai jin barci. Sukudireba tana lilo a wani rami da ya fi ƙarfinta, an tokare ta da takarda. Zarto kuwa rabinsa a cikin tsaga, rabinsa a waje.

Hajiya ta matso, ta ƙura wa maratayin ido, ta ɗan rufe baki da gefen mayafi.

"Malam Sallau, kai ka yi wannan?"

"Da hannun nan nawa, ranki ya daɗe. A mafarki aka nuna min shi. Ki zagaye duniya, daga nan har birnin Sin, babu irinsa."

"Ikon Allah. To me ya sa gudumar ta karkace?"

"Fasaha ce. An karkatar da ita ne don hannu ya same ta da sauri."

"Wannan babban ramin fa, da sukudireba ke iyo a ciki?"

"Don iska ta riƙa shiga. Ƙarfe in bai sha iska ba tsatsa yake yi. Haladu bai san wannan ba."

"Ɗan kantan nan na sama fa?"

"Na ajiye ƙusa ne. Komai da lissafinsa."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta juya ta hango Gambo a bakin ƙofa. "Gambo, don Allah ɗan aro min muciyarki da ludayi da maburgi. Ki haɗo da faifai da gwangwanin gishiri."

Sallau ya yi dariyar yaƙe. "Ranki ya daɗe, nan fa shagon kafinta ne, ba ɗakin girki ba."

"Na sani. Gwaji zan yi."

Kafin ka ce kwabo Gambo ta dawo da kaya a hannu. Hajiya ta sauke guduma ta miƙa wa Sallau, ta saƙala ludayi a gurbin. Zam! Ya zauna kamar a nan aka haife shi. Ta cire sukudireba da takardar tokarenta, ta zura muciya. Zam! Ta sa maburgi a ƙaramin rami na kusa. Zam! Ta zare zarto, ta zura faifai a tsagar, ya shige cif, ko gefensa bai leƙo ba. Ta kwashe ƙusoshi ta ɗora gwangwanin gishiri a kan ɗan kantan, ashe har da ɗan zagayen da aka sassaƙa daidai gindinsa.

Sallau na tsaye rungume da guduma da zarto da sukudireba, gumi na bin wuyansa.

Gambo ta tafa hannu. "La! Ai maratayin kicin ne! Irin wanda ake sa wa amare a kayan ɗaki!"

Hajiya ta ce, "Shi ne. Irinsa sak yana bangon kicin ɗina. Wani tsoho ke sassaƙa su a kasuwar ƙauye bayan Bakori. Ko bikin 'yata sai da na aika aka sayo mata."

Wani mai walda ya fara ƙyaƙyatawa, aka yi masa shii. Sallau dai bai saduda ba. Ya ɗaga murya.

"To ai shi ke nan, asiri ya tonu! Tsohon nan ɓarawon fasaha ne. Leƙe ya turo aka yi min. Wallahi sai na kai shi ƙara!"

Haladu ya tambaya a hankali, "Hajiya, naki ya kai shekara nawa a bango?"

"Bakwai, da Sallar layyar nan."

"Ikon Allah. Ashe tsohon ya sace fasahar tun kafin a yi mafarkinta."

Nan fa layi ya kece. Mai faci ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Ni kaina sai da hawaye ya zubo min. Zarto ya suɓuce wa Sallau ya faɗi, ƙwal!

Hajiya ta share idonta ta ce, "Malam Haladu, ka shirya ka koma Kano. Guda ashirin, na ƙarfe." Ta dubi Sallau. "Kai kuma Malam, sannu da ƙoƙari. Ka iya zaɓen kaya, wannan ba a ƙwace maka ba."

Gambo ta miƙa hannu za ta kwashe kayanta, sai ta tsaya, ta kalli bango, ta kalli Sallau da ya sha guga yana sunkuyar da kai kamar amarya. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ayyururui, har tsallaken titi ana jiyowa.

Haladu ya ce, "Gambo, bar masa muciyar. Kayan ɗaki sun kammala, ango kawai muke jira."